Ranar da Saja Ilisha Ya Durƙusa a Gaban Murhu

Idan ka bi ta Furana da sassafe, kafin babura su fara kai-komo, za ka ga wani dattijo dogo, siriri, yana sharar ƙofar gidansa. Ba irin sharar da muka saba gani ba ce, ta a kaɗa tsintsiya nan a kaɗa can a tura bola gindin katangar maƙwabci. Shi layi-layi yake yi. Ya ɗauko daga bakin zaure ya kai bakin hanya, ya juyo, ya ɗan matsa, ya sake ɗaukowa, idonsa a ƙasa kamar wanda allura ta faɗi masa. Matarsa Serah ta daɗe da haƙura ta bar masa tsintsiyar waje, don ta ce ko ta share sai ya maimaita.

Wannan shi ne Ilisha. Da muƙamin Sajan Manjo ya bar aikin soja bayan shekara talatin da 'yan kai, amma a duk ƙasar Ikara ba wanda ke wahalar da bakinsa, Saja kawai ake ce masa. In ya gama shara ya sha kokonsa, sai ya hau keke ya nufi gonar barkononsa. Gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata, saboda haka tuƙin nasa a karkace yake, tun daga nesa kana iya shaida shi. Ranar Lahadi yana coci a benci na baya, kusa da ƙofa. Ba ya shurin gwangwani a hanya, ba ya taka tarin shara, kuma in ya ga yaro ya tsinto wani ƙarfe yana juya shi a hannu sai ya tsaya, ko da kuwa saurin me yake yi.

Ranar kasuwar Ikara kuwa, kowa na neman rumfar hatsi da ta kayan miya, shi sai ya zarce layin 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ya goya hannu a baya, ya yi ta kewaya tarin da motoci suka sauke, yana leƙe. Matasan wurin sun mai da shi abin nishaɗi.

"Saja, yau me ka gano? Ko kwanon shan Fir'auna ne?"

"Ku dai ku bar ni in ba idona abinci," in ji shi, ya ci gaba da dubawa.

Shekara da shekaru bai taɓa gano komai ba sai tsofaffin sassan mota da ƙafar keken ɗinki. Hakan bai sa ya fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Yana da wani buhu kuma, cike da guntayen itace da ya sa wani masassaƙi a Makarfi ya sassaƙa masa, wani kamar kifi, wani kamar mangwaro, wani kamar kwanon awo da murfi. Surar abubuwan fashewa ce irin waɗanda yaƙi ke bari a ƙasa. Da wannan buhu yake zaga makarantun firamare da na Islamiyya da makarantar Lahadi, ba wanda ya aike shi. Karatunsa bai da tsawo: kar ka taɓa, kar ka jefe shi da dutse, ka koma ta inda ka zo, ka faɗa wa babba. Yara suna son zuwansa saboda yana kwaikwayon ƙarar da baki. Manya kuwa da yawa gani suke zaman bariki ne bai gama sakinsa ba.

Mu nan abin da muka sani game da sojan kiyaye zaman lafiya bai wuce abin da rediyo ke faɗa ba. An tura bataliya kaza ƙasa kaza, an dawo da bataliya kaza. Sai mu ce Allah ya kyauta, mu murɗa tasha. Ba mu cika tsayawa mu tuna cewa bataliyar nan mutane ce ba, kuma wani daga cikinta yana iya zama maƙwabcinmu mai noman barkono. Ilisha ya je Laberiya yana saurayi, ya je Saliyo yana magidanci, ya je Darfur da furfura ta fara leƙo masa. A sashen injiniyoyi yake, cikin masu neman abin da aka binne ko aka harba bai tashi ba. Sauran sojoji in an ce an tsagaita wuta sai su ɗan sarara. Su kuwa ranar ce aikinsu ke farawa.

Shi ba ya ba da labari. In ka matsa masa sai ya ce maka shinkafar Saliyo ta fi tamu daɗi, ya rufe zancen. Abin da ke cikin wannan rubutu na can ƙetare daga bakin Benson na samo shi, wani mutumin kudancin Kaduna mai injin niƙa a Ikara, wanda suka yi Saliyo da Darfur tare.

Benson ya ce abin da ya fara ba su mamaki a Saliyo shi ne da suka duba waɗanda suka sa shuɗiyar hula tare da su, sai suka ga ashe duk irinsu ne. Ɗan Bangaladash ubansa manomin shinkafa ne. Ɗan Nepal daga kan duwatsu aka ɗauko shi, inda suke noman masara. Ɗan Gana rogo ya baro a gona, ɗan Kenya shanu. In an zauna cin abinci ba a rasa gardama kan wace ƙasa ce ta fi ruwan sama, da hannu da ka ake yin ta saboda ba a jin yaren juna sosai. Manyan ƙasashe sukan zauna a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya su yanke shawarar a kai ɗauki, amma ƙafar da ke taka ƙasar yawanci ta ɗan talaka ce, daga ƙasar da ita ma ba ta gama da nata matsalolin ba. Wannan abu yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Nijeriya ta tura 'ya'yanta da yawa irin wannan tafiya, wasu a akwati aka dawo da su, kuma ban san sunan titi ko ɗaya a garuruwanmu da aka sa don tunawa da su ba.

"Wanda ya gyara mana hannu a aikin nan wani saja ne ɗan Bangaladash," in ji Benson, yana kakkaɓe garin masara daga gashin girarsa. "Ba ya jin Hausa, Turancinsa sai a hankali, namu ma ba gwara ba. Ranar farko bai ce uffan ba. Ya cire safar hannu, ya ɗaga hannunsa na dama, yatsa biyu suka rage. Ya nuna ƙarfen da ke ƙasa, ya nuna hannun. Wallahi karatun ranar ke nan. Ni na ji tsoro, na nemi a mai da ni tuƙin mota. Ilisha kuwa ya manne wa mutumin nan har aka raba mu."

A Darfur, in ji shi, akwai wani ƙauye da mutanensa suka komo daga gudun hijira suka tarar da gonakinsu, amma ba mai iya shiga, domin wani abu ya tashi da jakin wani tun ranar da suka dawo. Damina na ƙaratowa. In ba su yi shuka ba, sai dai su sake komawa sansani su jira buhun agaji. Ilisha da mutanensa suka shiga gonakin nan da rarrafe, cikin rana, suna bin ƙasa kaɗan-kaɗan, har sati ya shiga sati. A nan gwiwar ta lalace. Da suka gama aka tara manoman aka ce musu wuri ya tsarkaka. Kowa ya gyaɗa kai, ba wanda ya motsa.

"Sai mutumin naka ya cire takalmi," in ji Benson. "Ya karɓi fartanya a hannun wani tsoho, ya ratsa gonar tun daga wannan baki har wancan, ya tsaya a tsakiya ya fara tayar da kunya irin ta Zazzau, ƙatuwa, a cikin rairayi. Mutanen suka fashe da dariya, wai wane irin noma ne wannan, kabari yake haƙa wa gero? Tsohon ya shigo don ya nuna masa yadda ake yi. Shigowarsa ke nan, sauran suka biyo."

Kai ne, Saja, ka san cewa faɗa wa mai tsoro "babu komai" ba ya isa, sai ka riga shi taka wurin. Kai ne ka bar gwiwarka a gonar mutanen da ba ka ma san sunayensu ba, ka dawo gida ba ka ce wa kowa ga abin da ya same ta ba. Dogo na Serah, mai tafiya ido a ƙasa. Da a nan labarinka ya tsaya ma, ya isa a jinjina maka. Sai dai Allah ya nufa abin da ka je nema a ƙasashen mutane wata rana zai biyo ka har gida.

Bara ne, bayan an kwashe masara. Malam Hamisu, maƙwabcin Ilisha, zai aurar da 'yarsa Firdausi ga wani malamin makaranta ɗan Kudan. An ɗaura aure da hantsi, maza suka dawo suka zazzauna a rumfa ƙofar gida, baƙi na ta sauka daga motoci. A kangon bayan gida, wanda aka kewaye da zana, mata sun kafa tukwane. Shugabar girki kuwa ba wata ba ce, Inna Adama ce, mahaifiyar Malam Hamisu, wadda ba a yin taro a Furana wata ta riƙe muciya alhali tana numfashi.

Dole in tsaya in yi bayanin abin da ke tsakanin Inna Adama da Saja, don a nan gizo ya so ya yi saƙa. Ita Bakanuwa ce, aure ya kawo ta tun tana yarinya. Shi kuwa Bazazzage ne gaba da baya. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, amma su biyun nan sun kai shi inda ba a kai shi. Ita ba ta kiransa sai "bawana". Shi kuma ya ce mata 'yar kasuwa, wai in aka bar Bakano da masallaci sai ya sa wa tabarmi farashi. Ba sa gaisawa sai da tsiya, kuma duk wanda ya samu hanyar yaudarar ɗan'uwansa ya sa shi gudun banza, ranar ya ci riba.

Saja na zaune cikin maza yana sauraron hira sai ya hangi Serah ta fito daga lungun kangon. Ba ta saba ratso taron maza ba. Ta tsaya daga gefe ta yafuto shi da hannu, ya ga fuskarta ba daidai ba.

"Baban Judith," ta ce da shi ƙasa-ƙasa, "ban sani ba ko idona ne. Dutsen murhu ɗaya ya gaza, babbar tukunya ta karkace, sai Inna ta shiga tarin ƙarafan Zayyad ta zaɓo wani ta tokare ta da shi. Ya yi tsatsa, amma yana da 'yan fikafikai a wutsiya. Ya yi mini kama da kifin nan na cikin buhunka."

Zayyad ƙanen Malam Hamisu ne, sana'ar gwangwan yake yi. Kwana biyu kafin bikin mota ta sauke masa kaya daga nesa, ya jibge a kangon kafin ranar kasuwa, Saja bai kai ga ganinsu ba.

"Kin faɗa mata?"

"Na faɗa. Ta ce wai kai ka aiko ni."

"Wuta fa?"

"Tun ɗazu aka hura. Ruwa ya tafasa, an zuba shinkafa."

 Tsoro ya kama Ilisha, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun da ya ajiye kaki. Ya san abin da wuta ke yi wa harsashin igwa da aka harba bai tashi ba, kuma ya san ba ya sallama kafin ya tashi. Ya kuma san su wa ke cikin kangon nan: matan unguwa kakaf, masu goyo da masu ciki, da yara suna zagaye tukwane suna jiran a ɗan miƙo musu nama.

Ya ja Malam Hamisu gefe ya raɗa masa. Malam Hamisu ya zabura, ya buɗe baki zai kurma ihu, Saja ya damƙe masa wuyan hannu.

"Malam, kar ka ɗaga murya. Na ga an yi haka a wata kasuwa a Saliyo. Rabi za su tattake juna a ƙofar zana, rabin kuma su rugo kallo. Ka san halinmu da kallo."

"To yaya za mu yi, Saja? Uwata na ciki!"

"Kira mini Tanko."

Tanko mai kalangu ne, yana gefe yana ɗaure tsarkiya, yana jiran a ci a ƙoshi kafin ya fara. Saja ya ce masa ya rataya kalangunsa ya nufi filin firamare da ke bakin gari, ya kaɗa taken amarya da duk ƙarfin da Allah ya ba shi, kada ya tsaya kada ya waiwayo. Tanko ya fara cewa ai ko loma bai sa a baki ba, ya dubi idon Saja, ya haɗiye sauran maganar. Kalangu na tashi yara da 'yan mata suka ɓalle suka bi shi. Malam Hamisu ya daure ya sanar wa maza cewa wuri ya yi kaɗan, an mai da zama fili, ya roƙi liman ya ja gaba. Serah ta koma ciki tana bin mata ɗaya bayan ɗaya, tana cewa mai hoto na fili, ana neman dangin amarya da ƙawayen uwar amarya. In kana son mace ta bar yankan albasa ba gardama, ce mata za a yi hoto babu ita. Nan da nan kango ya yi sauƙi.

Saura Inna Adama, da wasu tsofaffi da suka ce ba inda za su in ba ta tashi ba, da Serah da ta ƙi fita.

Saja ya yi sallama a bakin zana ya shiga. Kallo ɗaya ya yi wa murhun. Ga ƙarfen nan kwance a kan gajeren dutsen, gindin tukunya ya danne shi, kansa na nan daram ba a cire ba, harshen wuta na lasar cikinsa.

"A'a, ga bawana ya biyo ƙamshi!" in ji Inna Adama. "Bazazzage, ba a sauke ba tukuna. Koma ka jira ƙanzo."

"Ki fito daga nan. Ƙarfen da kika tokare tukunya da shi bom ne."

Ta yi dariya har da tari, ta share ido da gefen zane. "Bara waccan ka ce mini akuyata ta faɗa rijiya, na zubar da gari na ruga, na tarar da ita kwance a inuwa tana tuƙa. Yau kuma bom? Ku Zazzagawa ko ƙarya ba ku iya shiryawa ba. Ka kwashe mini mata da kalangu don a ce Bakanuwa ta kasa fitar da abincin biki, ko? Ai na gano ka."

Tana faɗa ta sa ƙafa ta tura wani itace cikin murhu. Itacen ya bugi ƙarfen, ya ce ƙwal.

Ilisha ya ce har yau in ya tuna wannan ƙara sai ya ji ta a haƙoransa. Ya yi tunanin ya sungume ta ya fita da ita, amma Inna Adama ba ƙaramar mace ba ce, kuma ba za ta yarda namiji ya taɓa ta ba tare da kokawa ba. Kokawa a gindin tukunyar nan kuwa, in ta goce ta faɗa kan ƙarfen, an gama. Rantsuwa ma ba za ta yi aiki ba, don ranar akuya ma sai da ya ce "Allah kuwa". Duk wata magana da zai faɗa a tsaye, wasa za ta ɗauke ta.

Sai ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa. Ya dafa cinya, ya sauke gwiwar dama, sannan ya tilasta wa ta hagun, wadda ko a coci ba ya durƙusawa da ita, har ta taɓa toka. Zafin wutar na dukan fuskarsa.

"Inna," ya ce.

Tun da suke bai taɓa kiranta da wannan suna ba.

"Inna, na haɗa ki da girman Allah. Yau ba wasa ya kawo ni ba. In kin ƙi tashi, ni ma ba zan tashi ba, sai dai a kwashe mu tare."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Abokin wasa yana zaginka, yana cinye maka nama, yana sa ka gudun banza, amma ba ya durƙusa maka. Ta dubi hular da ke ƙasa, ta dubi Serah, ta ga hawaye na zuba. Sannan ta sunkuya ta dubi ƙarfen kamar yanzu ta fara ganinsa.

"Shinkafar mutane fa?" ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Tukunyar ma aro ce."

"Bar su."

"In janye itacen?"

"Kar ki taɓa komai. Ajiye muciyar a hankali, ku bi ta nan."

Ta ajiye. Tsofaffin suka fita a jere. Inna Adama ta kai bakin zana ta waiwayo, sai ta ga Saja na nan inda yake, Serah na jan hannunsa. Gwiwar ta ƙi tashi. Tsohuwar nan ta komo, ta san abin da ke cikin murhun yanzu, amma ta komo. Ta kama ɗaya hannun ta ce, "Tashi mana, ɗan nan!" Su biyu suka ɗaga shi, suka fito da shi yana jan ƙafa.

Daga nan sai jira. Saja ya buga wa 'yan sanda waya ya yi musu bayani irin na masu kaki, ya ce a turo masu kwance bom. Aka fitar da mutanen gidajen da ke kusa. Ya sa aka ɗaura igiya a bakin lungu, ya zauna a benci a wajenta, Benson da ya zo biki ya zauna kusa da shi.

Azahar ta yi, shiru. Ƙaurin shinkafa ya cika gari. Wuta ta ci ta cinye ta mutu don kanta, ba abin da ya tashi. A fili rana ta dami mutane, yunwa ta fara magana. Wasu daga cikin baƙi suka ce dama an ce tsohon sojan nan kansa da motsi. Wata ta ce hassada ce. Samari suka zo da wayoyi wai a bar su su ɗauko hoton abin, Saja ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan hanya ya ce sai dai su tsallake shi. Amarya na ta kuka, an ɓata mata rana. Benson ya ce ya ji shi yana addu'a ƙasa-ƙasa, ya kasa kunne, sai ya ji roƙo yake kada abin ya tashi, alhali tashinsa ne kaɗai zai wanke shi a idon mutane a wannan lokaci. Ya gwammace a kira shi mahaukaci har ƙarshen ransa.

Inna Adama ce ta kashe gunagunin. Ta miƙe a tsakiyar fili ta ce duk wanda ya ƙara zagin Saja da ita yake. Sannan ta raba mata gida-gida a unguwannin da ba a tasa ba. Wannan ta kawo dafaffen dankali, waccan ta kawo ɗumamen tuwo, matan coci suka dafa wake, baƙin Makarfi suka sauke raken da suka zo da shi tsaraba. Walimar Firdausi ke nan, kuma ba wanda ya kwana da yunwa.

Gab da magariba masu kwance bom suka iso. Babbansu ya shiga shi kaɗai, ya fito yana share zufa. Ya ce da rai abin yake, kuma tunda ya sha wuta ba mai ɗaga shi daga nan, sai ya huce a tashe shi a inda yake. Ya tambayi wanda ya fitar da mutane, aka nuna masa. Ya je gaban bencin ya ƙame ya sara masa.

Washegari da hantsi, bayan an jera buhunan yashi kewaye da murhun, aka sake korar kowa zuwa fili. Da abin ya tashi, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunmu, kaji suka watse, jarirai suka tsandara kuka. Mutanen Kurmin Kogi sun ce sun ji. Da aka ba da izini muka shiga kangon. Inda murhu yake ya zama rami. Tukunyar ta yage kamar tsumma. Duk da buhunan yashin, wasu ɓaraguzan ƙarfe sun tsallake sun nutse a jikin darbejiyar da mata suka shimfiɗa tabarmi a gindinta ranar biki, daidai tsayin kan mace in tana zaune.

Inna Adama ta sa yatsa a ɗaya daga cikin ramukan. Ta zame ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce innalillahi, ta ce alhamdulillahi, ta rasa wanda za ta riƙe a ciki, sai ta fashe da kuka. Wata ta rangaɗa guɗa, saura suka ɗauka, ana kuka ana dariya ana rungume juna. Zayyad ya jingina da katanga ya dafe kai. Malam Hamisu ya riƙe hannun Saja da hannu biyu ya kasa sakinsa. Shi kuwa gogan ruwan sha kawai ya nema, Serah ta kawo masa a kofi ya sha. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan safiya ba.

Saja, kai ne ka yi shekaru kana leƙen tarin ƙarafa ana yi maka dariya, ba ka yi fushi ka daina ba. Kai ne ka koya wa matarka abin da ya sa idonta ya tsaya a kan murhun nan. Kai ne ka ajiye girmanka da wasanka a cikin toka don tsohuwa ɗaya ta yarda ta tashi. An ba ka lambobi a ƙasashe uku, mun ji suna cikin wani gwangwanin madara a ɗakinka. Mu ba mu da lambar da za mu rataya maka, sai dai mu faɗa da bakinmu tun kana ji, ba sai an taru a kan gawarka ana ƙarya da gaskiya ba.

Ina kira ga 'yan gwangwan na Ikara da Makarfi da Kudan, in kaya ya sauka ku kira shi ko irinsa ya duba kafin ku sa guduma. Shugabannin makarantu, ku buɗe masa ƙofa shi da buhunsa. Ku kuma 'yan'uwansa, sojoji da 'yan sanda da kuka sa shuɗiyar hula kuka dawo kuka yi shiru a Gazara da sauran ƙauyukanmu, wani ya koyo jinya, wani haƙar rijiya, wani sulhu tsakanin mutanen da suka zubar da jinin juna, don Allah kar ku kulle abin da kuka koyo a akwati. Gida ma na bukata.

Aikinka ba shi da abin nunawa, Saja. Wanda ya gina asibiti yakan nuna gini. Kai naka da ƙafafunsa yake yawo. Makon jiya aka yi sunan 'yar da Firdausi ta haifa, matan nan dai su ne suka sake taruwa a kangon, masu yankan albasa na yi, masu gulma na yi, Inna Adama na tsakiya tana raba umarni. Na tsaya a bakin zana ina sauraron hayaniyarsu, ina bin muryoyin ɗaya bayan ɗaya ko zan ji wadda babu. Ban ji ba. Kowacce tana nan.

Mun gode, Saja. Allah ya saka maka, ya ba gwiwar nan sauƙi.